Ƙaramin kare mai dogon kunne a gidan yara: wanne ne zai iya zaman Bauchi?

Yawanci daga waya maganar ke tasowa. Yarinya ta ga bidiyon wani ɗan kare mai kunnuwa har ƙasa da idanu dara-dara, ta kai wa Baba, daga ranar kuma ba a sake shan ruwa da daɗi a gidan sai an sayo. Dangin karnukan nan su ake kira sifaniyal, kuma ba iri ɗaya ba ne. Ƙananan cikinsu da iyali za su iya sa wa ido guda biyar ne: Kabaliya, wanda masu talla ke rubutawa Cavalier King Charles, ɗan'uwansa King Charles mai shafaffiyar fuska, Koka na Ingila, Koka na Amurka, sai Fafiyon, wato Papillon a rubutun masu shi. Dukkansu 'yan ƙasashen sanyi ne. A hoto ba na yarwa, amma a Bauchi abin da ke raba su shi ne zafin bazara, da ciwon kunne, da kaska, da lafiyar zuciya.

Akwai maganar da ya kamata a gama kafin a taɓa aljihu. Babu mai gadi a cikinsu. Kabaliya idan ɓarawo ya hauro katanga, jela zai kaɗa masa. Gidajen Musulmi da yawa ba sa ajiye kare sai don gadi ko farauta ko kiwo, kuma ba ya shiga ɗaki. A Malikiyya jikin kare mai rai ba najasa ba ne, sai dai ana wanke ƙwaryar da ya sa wa baki sau bakwai. Wannan tsakanin maigida ne da uwargida da malaminsu. Abin da ya shafe mu shi ne, sifaniyal ba ya rayuwa ɗaure da sarƙa a bayan gida. Kaɗaici na sa shi kuka da haushi da cin takalma, zafi kuma ya ƙarasa shi. Gidan da aka san ko baranda ba za a bar shi ya hau ba, gara a nemi karen gida, wanda ya gaji rana da kaska tun kaka da kakanni.

Kabaliya: hali kamar zuma, zuciya mai rauni

In da hali kaɗai ake dubawa, da ba sai an yi dogon rubutu ba. Kabaliya ba ya faɗa, ba ya yawan haushi, yana son a ɗauke shi, yaro ɗan shekara huɗu zai zauna kusa da shi ya yi ta shafa shi. Nauyinsa kilo 5 da rabi zuwa 8, tsayinsa a kafaɗa santimita 30 zuwa 33. Yawon minti talatin zuwa arba'in a rana ya ishe shi. Sunan ya samo asali daga Sarki Charles na Biyu na Ingila, wanda ya yi mulki daga 1660 zuwa 1685, amma irin da ake gani yau sabo ne: a 1926 wani Ba'amurke, Roswell Eldridge, ya sa kyautar fam 25 a gasar karnuka ta Crufts ga wanda ya kawo mafi kyawun kare mai dogon hanci irin na tsofaffin zane-zane, kuma sai a 1945 aka yi masa rajista a matsayin iri mai zaman kansa. Daga karnuka 'yan kaɗan aka tayar da irin, shi ya sa cutar gado ta yi masa katutu.

Babbar cikin cututtukan ta bawul ɗin zuciya ce, wato marfin da ke hana jini komawa baya, wanda ke tsakanin ɗakuna biyu na ɓangaren hagu. Bawul ɗin yana kauri, ya daina rufewa da kyau, jini ya riƙa komawa baya. Sauran karnuka sai sun tsufa take kama su. Kabaliya kuwa kusan rabinsu ana jin alamarta a ƙirji tun suna shekara 5, kafin shekara 10 kuma da wuya a sami wanda ya tsira. Da farko likita kaɗai ke jin ƙarar da abin sauraron ƙirji. Daga baya sai tari da dare, da saurin gajiya, da haki ko ba a yi gudu ba. Akwai awon da uwargida za ta iya yi da kanta: idan yana barci, a ƙirga sau nawa ƙirjinsa ya ɗaga a minti ɗaya. In ya riƙa wuce 30, a kai shi asibitin dabbobi. Magungunan da ake ba shi, irin su fimobendan da furosemaid, na kullum ne har ƙarshen rai, na farkon ma ba kowane kantin maganin dabbobi ke ajiye shi ba. Ga kuma bazara: kare da haki yake fitar da zafin jikinsa, zuciyar da ke yoyo kuwa ba ta da rarar ƙarfin da za ta yi wannan aikin a watan Afrilu.

Cuta ta biyun a ƙoƙon kai take. Ƙeyar ta yi wa ƙwaƙwalwa kaɗan, sai ruwa ya taru a cikin laka. Za a ga kare yana tafiya yana susar iska kusa da wuyansa ba tare da farcen ya taɓa fata ba, ko ya yi ƙara don kawai an ɗaga shi. Mutane kan ɗauka ƙuma ce, a yi ta wanka da magani a banza. Kare mai wannan ciwo yana iya kai wa yaro cizo saboda zafin da yake ji a wuya, duk kyan halinsa. Cututtukan nan biyu ne suka sa Kotun Ƙolin Norway ta haramta kiwata irin a 2023.

Masu kiwo na gaskiya suna da ƙa'ida: ba a haɗa uwa da uba sai kowanne ya kai shekara 2 da rabi zuciyarsa lafiya, iyayensu kuma sun kai shekara 5 ba ƙara a ƙirji. Wanda ba zai iya nuna takardar likita a kan haka ba, caca yake sayarwa. Kabaliya ya dace da gidan da ke da sola ko wutar da ba ta yankewa da tsakar rana, da kuɗin magani na shekaru, da iyayen da suka shirya wa ranar da yara za su yi kukan rabuwa da wuri.

King Charles ba ya buƙatar dogon bayani. Ya fi Kabaliya ƙanƙanta, kilo 3 da rabi zuwa 6, yana da kunya da baƙi, hancinsa kuma a shafe yake. Gajeren hanci na nufin ƙuntatacciyar hanyar iska, ƙuntatacciyar hanyar iska a garin da zafi ke kusantar digiri 40 kuwa hatsari ne tsagwaronsa. A cire shi daga lissafi.

Koka biyu, suna ɗaya

Koka na Ingila maharbin tsuntsu ne tun asali. Daga sunan wani tsuntsun daji da yake tayarwa aka raɗa masa suna. Kilo 13 zuwa 14 da rabi, santimita 38 zuwa 41. Wannan girman shi ne alherinsa a gidan yara: ya isa ya jure turereniya da ƙwallo a tsakar gida, bai kuma kai ya kayar da ɗan shekara biyar ya ji ciwo ba. Hancinsa dogo ne, numfashinsa a buɗe, don haka ya fi na baya biyun jure zafi. Yakan yi shekara 11 zuwa 14.

Farashinsa lokaci ne. Yana son aƙalla awa ɗaya na motsi a rana, a raba biyu: bayan asuba kafin rana ta ɗaga, da bayan la'asar sakaliya. Sannan reshe biyu ne. Akwai na gasa, mai dogon kunne da yalwar gashi da ɗan natsuwa. Akwai na farauta, mai gajeren gashi da ƙaramin kunne, wanda ba ya gajiya ko kaɗan. Na farautar ya fi sauƙin gyara a ƙura, amma gidan ma'aikata da ke fita ƙarfe bakwai su dawo biyar, zai mai da musu kujerun falo tsumma. Ga yawancin iyalai na gasar ya fi.

Abu biyu a lura. Na ɗaya, Koka na da rowar abinci da abin wasa: ya ƙame a kan kwano, ya yi gurnani, wani lokaci ya kai hara. Wani bincike da aka buga a Ingila a 1996 ya nuna masu launi ɗaya tak, musamman ja da ruwan zinare, sun fi masu roɗi-roɗi saurin fushi. Wannan ba hukunci ba ne a kan kowane jan Koka, sai dai mai ƙananan yara in ya sami zaɓi, ya ɗauki mai roɗi. Na biyu, cututtukan gado: akwai ta ido da ke farawa da dundumi ta ƙare da makanta, akwai ta ƙoda da ke bayyana tsakanin wata 6 da shekara 2. Duka biyun ana gano su a jikin iyaye da gwajin ƙwayar halitta.

Koka na Amurka daga wancan aka cire shi, aka raba su a rajista a Amurka a 1946. Ya fi ƙanƙanta, kilo 9 zuwa 13 da ɗoriya, kansa ƙulu-ƙulu, hancinsa ya fi gajarta, gashinsa kuma yana sauka kamar siket har ya share ƙasa. Yana da daɗin zama, bai kai na Ingila neman gudu ba. Amma siket ɗin nan a Bauchi tsintsiya ce. Da hunturu ya kwashi ƙura, da kaka ya kwashi ƙarangiya, ta dunƙule gashin hammata da na tsakanin yatsu har fata ta yi gyambo a ƙarƙashi ba wanda ya sani. Sai an taje shi kusan kullum, a yi masa aski duk sati 6 zuwa 8. Tunda masu askin karnuka ba su da yawa a nan, wani a gidan ne zai sayi injin aski da mataji ya koya. A rage gashin zuwa santimita 1 ko 2, kada a yi masa ƙwal-kwabo, don rana na ƙona fatar. Idonsa ma abin lura ne: yanar ido, da hawan jinin ido, da wani jan tsiro da ke fitowa a kusurwar ido, wanda sai an yi aiki ake mayar da shi. Fatarsa kuma kan yi maiƙo da wari.

Kunnen

Duk wanda ya zaɓi Koka, ko na wace ƙasa, kunne ya zaɓa. Ramin kunnen kare yana sauka ƙasa ne sannan ya karya kwana zuwa ciki. A kan wannan rami Koka ya ɗora labule mai nauyi da gashi. Iska ba ta shiga, laima ba ta fita. Da damina, a watan Agusta, cikin kwana kaɗan funfuna da ƙwayoyin cuta sun yi gida.

A ɗaga kunnen sau ɗaya a mako, a duba, a sansana. Lafiyayye ruwan hoda ne mai haske, ba wari. Wanda ya fara lalacewa ja ne, da dauɗa mai ruwan ƙasa kamar daddawar da aka jiƙa, da wari mai tsami, karen kuma yana girgiza kai yana goga gefen fuska a jikin kujera. Wankin haka ake yi: a cika ramin da ruwan wankin kunne na karnuka, a murza gindin kunnen daga waje na daƙiƙa 20 zuwa 30 har a ji caɓal-caɓal, a sake shi ya girgiza, sannan a goge abin da ya fito da auduga iya inda yatsa ya kai. Tsinken auduga ba ya shiga, tura dauɗar yake yi bayan kwanar. Man ja, man gyaɗa, da ragowar maganin kunnen yara duk a bar su. Wasu magungunan ɗigawa, idan dodon kunne ya fashe, kurmanta kare suke yi. A aske gashin da ke cikin fatar kunnen da kewayen bakin ramin. A sa masa abinci a kwano mai zurfi da ƙaramin baki don kunnuwan su faɗa waje, in ba haka ba kullum sai sun sha miya, ƙuda kuma ya biyo. Bayan wanka a busar da cikin kunnen tukuna.

Idan aka yi sakaci, yawan girgiza kai na fasa jijiyar jini a fatar kunnen, ta kumbura kamar ƙosai, sai an tsaga. Kuma Koka kan ciji yaron da ya ja masa kunne mai ciwo.

Fafiyon shi ne bambarakwai a dangin. Kunnensa a tsaye yake kamar fiffiken malam-buɗe-littafi, abin da sunan ke nufi kenan da Faransanci, don haka bai san yawancin wannan wahala ba. Gashinsa shimfiɗa ɗaya ce ba ta ƙarƙashi, zafi bai cika damunsa ba, yana da kaifin basira, yakan kai shekara 14 har sama. Illarsa ƙashi. Kilo 2 zuwa 5 ne, ƙafafun gaba kamar tsinken tsire. Yaro ya ɗauke shi ya suɓuce daga tsayin ƙugu, ƙafa ta karye. Ƙoƙon gwiwarsa ma kan goce. Yana kuma da baki. Gidan da autansu ya wuce shekara 8, Fafiyon zaɓi ne mai kyau ƙwarai. Gidan da ke da mai rarrafe, a'a.

Saboda haka, ga gida mai yara 'yan shekara 4 zuwa 12 da tsakar gida mai inuwa, Koka na Ingila reshen gasa, mai roɗi, shi ne a gaba. Fafiyon na biye idan yaran sun tasa ko gidan ƙarami ne. Koka na Amurka sai ga mai son aski. Kabaliya sai da takardar zuciya a hannu.

Abin da ba ruwansa da iri

Kaska na kashe karnukan ƙasashen waje a nan. Jar kaskar kare a tsagar bango take ɓuya, mace ɗaya na zuba ƙwai dubbai, kuma tana sa cututtukan jini. Alamarsu: kasala, ƙin abinci, dasashi ya yi fari, fitsari ya koma kalar shayi. A gashin sifaniyal ba a ganinta da ido, sai an bi da yatsu cikin kunne, tsakanin yatsun ƙafa da ƙarƙashin wuya. A maganin kaska, ƙwayoyin taunawa su ne mafi dacewa a gidan yara tunda ba sa barin magani a kan gashi: Bravecto na aiki sati 12, NexGard wata ɗaya, kowanne gwargwadon nauyi. Fiya-fiya da maganin feshin gona kada su kusanci jikinsa. Ƙaramin kare kan mutu a ranar. Da damina kuma akwai ƙudan da ke yin ƙwai a ƙasa mai laima da fitsari, tsutsar ta shiga fata ta yi ƙurji mai ƙaramin rami a tsakiya. A toshe ramin da basilin, bayan ɗan lokaci a matse a hankali ta fito ɗungurungum. Maganinta na asali shi ne ya riƙa kwana a kan siminti busasshe.

Rigakafi: allurar haɗaka, wato mai kare cututtuka da yawa a haɗe, a sati 6 zuwa 8, a maimaita a sati 10 zuwa 12, a sake a sati 14 zuwa 16. Kafin ta ukun kada ƙafarsa ta taka titi, saboda cutar fabo mai amai da zawon jini tana zama a ƙasa watanni. Gidan da wani kwikwiyo ya taɓa mutuwa da ita, a wanke daɓen da bilic, kashi 1 cikin ruwa kashi 30. Allurar haukan kare a wata 3, sannan duk shekara. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Filato na yin ta, kuma allurar da aka bari ta yi zafi a hanya ruwa ce kawai, don haka a ga an ciro ta daga sanyi. Idan kare, ko na gida ne, ya ciji yaro ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana minti 15, a wuce asibiti a ranar. Maganin tsutsar ciki duk sati 2 har wata 3, duk wata har wata 6, daga nan duk wata 3, don tsutsar kare na shiga yaran da ke wasa da ƙasa. A kwashe kashinsa kullum.

Abinci: Kabaliya mai kilo 7 na cin kusan giram 120 zuwa 130 na busasshen abincin karnuka a rana, Koka mai kilo 13 kusan giram 200 zuwa 220, a raba biyu. Buhun kilo 15 zai yi wa Koka wata biyu da 'yan kwanaki, sai dai a zafin nan mansa na lalacewa bayan an buɗe, gara ƙaramin buhu. Dukkansu makwaɗaita ne, ƙiba kuma ita ke ƙara wa zuciya da gwiwa nauyi. A riƙa jin haƙarƙari da yatsa don a san ko ya yi ƙiba. Ragowar tuwo da miya ba abincinsa ba ne, albasa da tafarnuwa na fasa masa ƙwayoyin jini. Cakulan, inabi, da goron da Kaka ta ajiye a gefen tabarma duk guba ne gare shi. Haka farasitamol da ibufurofen da diklofenak. Dafaffen ƙashin kaza na tsagewa ya huda hanji.

Ga yaran kuma doka uku ta isa: ba a taɓa shi yana cin abinci, ba a tashinsa daga barci, ba a jan kunne. Ɗan ƙasa da shekara 6 ba a barinsa shi kaɗai da kare ko wane iri ne. A yi masa wani lungu mai inuwa da ruwa wanda in ya shiga, an san ya gaji da wasa.

Ranar saye

Yawancin masu nema daga Bauchi Jos ko Abuja suke nufa, kuma a can ana sayar da gaurayen Lasa, wani ƙaramin kare mai yawan gashi, da sunan Koka, tunda a sati shida duk ƙwallon gashi ne. Kada a saya ta hoto, kada a karɓa a tasha. A je gidan. Tambayar farko: “Malam, ina uwarsa?” In aka ce an kai ta wani gari, a yi sallama. In an fito da ita, a ɗaga kunnenta a sansana, a ga ko tana zuwa wurin baƙo da kanta ko tana maƙalewa tana gurnani; abin da ɗan zai zama kenan. Kwikwiyon kada ya gaza sati 8. A duba dasashi ja ne, ido ba kwantsa, gindi ba alamar zawo, ciki bai yi tulu ba. Katin rigakafi ya zamana da takardar kwalbar allurar a manne, da kwanan wata da sa hannun likita. A yi sharaɗi a rubuce cewa likitan da mai saye ya zaɓa zai duba shi cikin kwana biyu ko uku.

Lokacin kawo shi ma abin lissafi ne. Jos ta fi Bauchi tudu da kusan mita 600, kwikwiyon da ya tashi a sanyinta kuma aka sauke shi a Yelwa ko Fadaman Mada a tsakiyar Maris zai sha wuya. Nuwamba zuwa Janairu ya fi, ya sami watanni yana sabawa kafin bazara. A taso da sassafe, a sa shi cikin mota kusa da mutum, ban da but, da gorar ruwa da ƙaramin kwano. Idan a hanya ko a gida ya fara haki ba tsayawa, harshe ya yi jawur, yawu na dalala yana tangaɗi, a kai shi inuwa, a zuba masa ruwan sanyi a ciki da hammata da tafin ƙafa, a sa shi gaban fanka ko a buɗe gilashin mota, a nufi likita ana ci gaba da jiƙa shi. Kada a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul, riƙe zafin yake yi.